Kwana Ɗayan da Hamsatu Ta Ɓoye

A Ƙofar Wambai in ana son a kwatanta mace mai kunya, Hamsatu ake kira. 'Yar Fulanin gefen Gubi ce, wadda Mansir, ma'aikacin ɗakin karatu na jami'a, ya aura suka zauna a Yelwa. Tela ce, ɗalibai sun san keken ɗinkinta. Shekara goma sha biyu ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, ba ta taɓa kai loma baki a gaban uwarsa, Hajiya Bintu, ba. Kowa yana yaba mata, ita kuwa yabon nan ya zame mata dabaibayi.

Haihuwa ce ba ta zo ba. A ɓoye suka je wani asibiti mai zaman kansa, aka haɗa musu ƙwai uku a waje aka daskarar. An dasa mata biyu, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kama. Saura ɗaya tal.

Likita ya ce kafin a taɓa na ƙarshen sai an gwada shimfiɗar mahaifa, domin tana da ranar da take karɓar ƙwai, kamar gona da shuka. Hamsatu za ta yi matsin magani kwana biyar cif, daga safiyar Litinin, ranar Asabar a ɗebi ɗan ƙanƙanin nama a aika gwaji. Sakamakon ne zai nuna ranar dashe.

Sai ƙanin Hajiya ya rasu ranar Lahadi. Hamsatu ta fita a gigice, maganin yana Yelwa cikin akwatin zare. Litinin ta waye mata a gidan makoki, tana tuƙa tuwon masu ta'aziyya. Zuwa Yelwa tafiyar 'yan mintuna ce a keke napep. Amma fa sai ta tsaya gaban surukarta ta nemi izini, a tambaye ta ina za ta, mata talatin suna saurare. Ta kasa. Sai safiyar Talata, da ta koma gida, ta fara.

Ranar Asabar nas Comfort ta tambaye ta, "Madam, Litinin kika fara ko?" Hamsatu ta sunkuyar da kai ta ce e.

Bayan mako uku likita ya kira su yana fara'a. Ya ce an gano matsalar: mahaifarta tana makara da kwana ɗaya, shi ya sa na baya ba su kama ba. Wannan karon za a jinkirta dashen. Mansir, mutumin da ko dariya ba ya yi da ƙarfi, ya zame daga kujera ya yi sujada.

Hamsatu ta san wadda ta makara, kuma ba mahaifarta ba ce. In ta yi shiru, za a dasa ƙwan ƙarshe ranar da ƙaryarta ta zaɓa.

"Likita," ta ce, muryarta kamar ta mai zazzaɓi, "Talata na fara."

Likita ya rufe fayil a hankali, ya ce to sakamakon ba shi da amfani, sai an sake komai, kuma har yanzu ba a san dalilin na baya ba. Mansir ya tashi yana kaɗe gwiwa, ya fice bai ko dube ta ba. Da ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Sabon gwajin kuma ya faɗo daidai sadakar arba'in ɗin ƙanin Hajiya. Hamsatu ta je da ƙafarta, ta durƙusa a ɗakin Hajiya, ta zayyane mata komai tana kallon tabarma, tana jiran faɗa.

Tsohuwar ta matso kusa da ita.

"Hamsatu, shekara shida na yi a gidan nan kafin in samu Mansir, ba wanda na samu na faɗa wa. Kullum ina kallonki ina jira ki zo. Ashe duk shekarun nan tsorona kike ji, ni kuwa ina cika baki a unguwa cewa 'ya na samu, ba suruka ba."