Ƙasar da Baba Ya Kai Balan

Masallatai uku ne a yankinmu suke amsa sunan Masallacin Gawo: namu da ke ƙauyenmu kusa da Toranke, ɗaya a wajen Ajingi, ɗaya can ta Balan. Babu mai gawo a kusa da shi tun kafin a haife ni, amma kuskura ka faɗi haka gaban tsofaffi ka sha faɗa. Abin da muka taso muka ji shi ne, wani malami ne ya gina namu a inuwar gawo. Da ɗalibansa biyu za su kama gabansu, kowanne ya ɗebi ƙasa a kududdufin da aka yi ginin, ya kwaɓa ta cikin tubalin nasa masallacin. Tun daga nan, duk bayan kaka idan za a yi yaɓe, sai an kai musu ƙasa daga kududdufinmu, da ita ake fara shafe bangon alƙibla. Gidanmu ne ke kaiwa. Kakana ya kai, Baba ya gada.

Baba ba malami ba ne, ba shi da sarauta, manomin gyaɗa ne mai 'yar gona. Wannan tafiyar ce kaɗai abin da ake tashi tsaye dominsa. Ranar zai sa rigarsa ta Juma'a ya kora jaki, a can a tarye shi da fura, liman da kansa ya sauke mangala.

Ni kuwa na yi boko, ina koyarwa a firamare a Gaya, ina da keke, ina ji da kaina. Shekarar da ta biyo bayan babban fari na ji a kasuwa cewa mutanen Balan sun rushe masallacinsu, sun ta da na bulo da siminti, rufin kwano. Wallahi har daɗi na ji, na ce ci gaba ya zo. Da na dawo hutu na tarar da Baba yana ɗinkin mangala, ya aro jaki don namu fari ya kashe shi. Na buɗe baki zan faɗa, na ga yadda yake murmushi shi kaɗai, sai na ja bakina. Na ce wani zai gaya masa. Ashe kowa haka ya ce a ransa.

Gwiwoyinsa sun fara ciwo, don haka na raka shi ina tura keke. Mun isa gab da azahar. Bango fari fat, kwano yana ɗaukar ido. Babu wanda ya tarye mu. Tsohon liman ya rasu, ɗansa ne ya fito, mutum mai ladabi, ya durƙusa ya gaida Baba. Ya dubi jakin, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ai siminti ba ya karɓar yaɓe," in ji shi a hankali.

Baba ya dafa bangon ya daɗe. Sannan ya ce, "Ƙasar tsohon ginin fa, ina kuka kai ta?"

"An cike wani rami da ita a bakin hanya."

"To, madalla," in ji Baba.

Muka bi jam'i, muka juyo da jaki da kayansa ba a sauke ba. Har yau ina tuna bayan Baba a hanyar nan, cikin rigar Juma'a. Da muka yi nisa, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Malam, da ma ka sani?" ya ce da ni.

"Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Da ka bar ni na zo ni kaɗai. Da ban ji kunya a gaban ɗana ba."