Marin da Aka Sa wa Yaya Mamman

Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Mamman, masunci a Kalgo. Ni na yi aikin koyarwa har na gaji. Sau da yawa na tsaya gaban ɗalibai ina bayanin cewa kalmar ankwa ba tamu ba ce, daga bakin Turawa muka aro ta, sunan ƙarfen da 'yan sandansu ke ɗaure hannu da shi. Ina faɗa da taƙama, kamar su suka koya mana ɗaure mutum. Ban taɓa ce musu mari, ƙarfen ɗaure ƙafa, namu ne tun kaka da kakanni ba, balle in ce na san nauyinsa.

Saura 'yan shekaru Turawa su tafi, ciwon hauka ya kama Yaya. Ba ya duka, ba ya zagi, sai dai ya shiga gulbi da tufafinsa yana surutai. Dangi suka kai shi Gwandu wurin mai magani, shi kuwa ba ya karɓar kowa sai da mari. Aka kira maƙeri. Ni, ɗan boko mai farar riga, aka sa na riƙe ƙafafun.

Yaya ya sunkuyo ya ce da ni a hankali, "Bala, hwaɗa mai shi sassauta ta hagun. Miki gare ni nan."

Na ji shi sarai. Amma mutane sun taru, kuma ina jin kunyar a ga ina shawara da mahaukaci. Na kawar da kai, maƙeri ya buga ƙusa. Mikin ya ruɓe a ƙarƙashin ƙarfen, Yaya ya rasu tun kafin kaka ta zo.

Yau akwai asibiti da allura, amma har yanzu ana ɗaure irinsa a ƙuryar gida. Da zai dawo, ba na jin zai yi mamaki. Zai dai tambaya ko akwai mai sauraronsu.

Abin da ya rage nasa shi ne 'yarsa Hadiza, mai irin haƙurinsa. Kullum tana gaya wa 'ya'yanta cewa ni kaɗai na tsaya wa mahaifinta har ƙarshe, ni kuwa sai in yi murmushi. Hadiza, ga yadda aka yi. Na kasa faɗa miki da baki.