Kwalbar da Ta Kusa Raba Ni da Ƙafata

Salama gare ku 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Kwance nake.

Ƙusa ce ta soke ni a ƙafa a shagona na kafinta a Badarawa. Na ɗaure da tsumma na ci gaba da aiki. Kwana huɗu ƙafa ta kumbura.

Maƙwabcina ya kai ni wurin wani mai magani a bakin Babbar Kasuwa. Ya ba ni kwalbar wani koren ruwa, wai darbejiya ce da bagaruwa da wasu saiwoyi. Ya nuna min takarda mai hatimi, wai an gwada, yana kashe kowace ƙwayar cuta. Na tambayi sunan saiwoyin, ya ce, "Sirrin gida ne, Malam Sani."

Hankalina bai kwanta ba, amma na sha, na shafa.

Bayan mako guda ciwo ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ni. Matata ta ce, "Baban Amira, ko ka tashi mu tafi asibiti, ko in kira Yaya ya ɗauke ka."

Likita ta ɗebi mugunya da jini, ta karɓi kwalbar ma. Likitar ma ban yarda da ita ba. Gani nake neman dalilin yanke min ƙafa take.

Da sakamako ya fito ta ce, "Malam, ruwan kwalbar nan kansa cike yake da ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne akwai ganyayen da sinadarinsu ke kashe ƙwayar cuta a ɗakin gwaji. Amma wane sinadari ne a nan? Wa ya auna shi? Da wane ruwa aka jiƙa?"



Kwana goma sha tara na yi a gado. Allura safe da yamma, ga wankin ciwo da sai na ciji filo. Injin yankan katakona aka sayar aka yi jinya. Yatsa ɗaya ya tafi, ƙafa ta tsira.

Yaya ya je ya sami mai maganin. Mutumin cewa ya yi ni ne ban bi ƙa'ida ba.

Alhamdulillahi, yau ina takawa. Allah Ya saka wa matata da Yaya da likitar da na zarga.

Ban raina maganin gargajiya ba, da shi aka rene mu. Amma wanda ya ƙi faɗa muku abin da ya zuba a kwalba, ku bar masa kayansa. In ƙusa ta soke ku, ku je asibiti a ranar.