Kullum Nusaiba Azumi Take

A ƙofar wata makarantar kuɗi a Nassarawa GRA, akwai yarinyar da ke tsayawa gefe idan an tashi. Ba za ta wuce shekara sha biyar ba. Rana tana dukan kowa, amma ita da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi. Agogonta ya yi mata yawa, leɓɓanta sun bushe har sun tsage.

Ƙawayenta suna cin gurasa, ɗaya ta miƙo mata. Ta ja da baya kamar an nuno mata wuta.

"Azumi nake."

"Yau ma, ustaziya? Yau fa Talata ce!" Suka kwashe da dariya.

Direban gidansu, wani dattijo, yana tsayawa ta miƙa masa kular abincinta, ko buɗewa ba a yi ba.

"Malam Zubairu, ga sadaka. Don Allah ka cinye kafin mu isa gida."

"Allah ya karɓa, Hajiya Nusaiba."

Wataƙila wata ce ta taɓa kiranta lukuta a gaban aji, shi ya sa ta daina cin abinci. Wataƙila anjima uwarta za ta ga kula wayam ta yi hamdala. Mai azumi dai magariba yake jira, wannan kuwa babu alamar akwai abin da take jira.

Za ta shiga mota jiri ya ɗebe ta, ta riƙe murfin ƙofa.

"Sannu," in ji dattijon, yana murmushi. "Ai haka ibada take."