Tayin Tunkiya a Mayankar Gure

Ranar Litinin ce, da misalin ƙarfe bakwai na safe, saura kwana goma sha biyu a koma karatu. Mu uku ne a rumfar bakin mayankar Gure: ni, da sarkin fawa, wanda abokin mahaifina ne tun suna samari, da ma'aikacin dabbobi mai duba nama kafin a kai kasuwa.

Aikina a birni shi ne koya wa ɗaliban likita yadda ɗan adam ke ginuwa a cikin mahaifa, da yadda tsokar jiki take idan aka yanko ta siririya aka ɗora a gilashi aka duba da madubin ƙara girman abu. Gilasan da muka gada sun koɗe, wasu sun fashe. A shekarar da ta gabata da alli kawai na koyar da makonnin farkon ciki, kuma na ga sakamakon a jarrabawa. Sun haddace sunaye, amma da na ajiye musu hoto, da yawansu ba su bambance kai da wutsiya ba. Shugaban sashenmu ya ce in ban samo abin nunawa ba, za a ba wani darasi awoyina na ɗakin gwaji.

Tayin tunkiya mai mako uku zuwa huɗu yana kama da na mutum ƙwarai, har sai gwani ke rarrabe su. Shi ya sa na zo gida hutu da kwalabe shida cike da formol, ruwan da ke hana nama ruɓewa.

Mahauta ba sa son wannan magana. In aka yanka dabba aka tarar da ciki, kunya ce ga wanda ya saye ta bai lalube ta da kyau ba, don haka sai a binne abin a bayan katanga a yi shiru. Da farko sarkin fawa ya ce a mayankarsa ba a yin haka. Ma'aikacin dabbobi ya yi dariya ya ce ko jiya an yi. A ƙarshe sarkin fawa ya karɓi kwalaben, bisa sharaɗin ba zan tambayi ko tunkiyar wa ce ba.

Na tafi Bune ta'aziyya, ban dawo ba sai Asabar. Na tarar da kwalaben a jere a inuwa, duk an cika su. Kowane tayi da kofatonsa da kunnuwansa, wani har gashi ya fara fito masa. Guda ɗaya bai shiga kwalba ba, an sa shi a bokiti an juye masa ragowar ruwan. Formol bai ratsa cikinsu ba, sun fara kumbura.

"Na hana su sa maka ƙanana," in ji sarkin fawa. "Ɗan abokina ya taso tun daga birni, sai in ba shi abin da bai kai ɗan yatsa ba?"

"Baba, wanda nake nema bai fi ƙwayar wake ba."

"Wannan ai ba ciki ba ne, ruwa ne. Da kayan ciki yake tafiya."

Laifina ne. Na ce masa tayi, ban nuna masa girman da hannu ba. Saura mako ɗaya, ga shi formol ya ƙare. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a asibitin garin ya samo mini rabin lita.

Daga ranar Lahadi kullum ina mayanka bayan sallar asuba, da faranti da ruwan gishiri da almakashi. Na roƙa a miƙo mini mahaifar kowace tunkiya kafin matan da ke sayen kayan ciki su kwashe. Nakan fara duba ƙwan mahaifar. In akwai wani ɗan kumburi mai tauri a jikinsa, alamar wataƙila ciki ya shiga, sai in tsaga mahaifar a hankali a cikin ruwa. Mahautan suka sa mini suna lokotoron matattun tumaki, wato likitansu, suna tambaya ko akwai wadda na taɓa tayarwa. Kwana uku ban samu komai ba.

Ranar Laraba, a cikin wata tunkiya da aka kawo daga wajen Gidigir, wata doguwar jaka mai kama da zare ta zamo cikin farantin. A tsakiyarta ga shi nan a lanƙwashe, fari, ana ganin cikinsa. Na miƙa wa sarkin fawa gilashin hannu mai ƙara girman abu, na nuna masa ɗigon ido, da tudun zuciya, da 'yan kumburi huɗu da za su zama ƙafafu. Ya daɗe yana kallo.

"Shekara nawa muna zubar da wannan," ya ce. Sai ya juya ya umarci mahautan kada wanda ya sake taɓa mahaifa sai na gani.

Kafin Juma'a na samu uku. Ɗaya ya farfashe lokacin da muke dasa shi a kaki don yankawa a ɗakin gwajinmu na birni, ɗaya na bar shi a kwalba yadda yake. Na ukun ya ba mu gilasai masu kyau tun daga kai har wutsiya. An bar mini awoyina, kuma a mako na uku na zangon ɗalibai suka fara aiki da su, biyu-biyu a kan kowane madubi.