Fitilar da Ɗalha Ya Huhhuda

Duk ƙofar ƙarfen da ka gani a Gwandu mai furanni da taurari har ta yi wa gida yawa, aikin yayana Ɗalha mai walda ce. Shi a wurinsa ƙarfen da ba ado tsirara yake. Ko murhu ka ba shi gyara, sai ya lanƙwasa masa ɗan ganye a gefe, ka so ko ka ƙi.

Waldar ce ta ci masa ido. Tun yana saurayi ba ya sa gilashi, wai yana hana shi ganin aiki. Da girma ya zo, haske ya zama abokin gabarsa. Ƙwan sola da ke rataye a ɗakinsa ma sa shi hawaye yake, har ya daina buɗe Alƙur'aninsa bayan magariba, abin da bai taɓa fashi ba tun muna yara. Ka yi masa maganar ido kuwa, faɗa ne.

'Yarsa Mufida, wadda ke aikin jinya a Kalgo, ita ta samo dabara. Ta nuna masa hoton wata fitilar tsaye a waya, irin wadda mutanen Denmark suka ƙera tun zamanin kakanninmu: siririn ƙarfe ɗaya, gindi mai nauyi, da kai kamar ƙwarya a kife. Ba zane, ba komai. Kan ya rufe ƙwan ruf, hasken ya sauka kan takarda kawai, bai taɓa ido ba. Ni ta gaya mini don shi take so, ta roƙe ni in yi shiru, don in ya ji ba zai ƙera ba. Shi kuwa da yake bikinta ya matso, ya ɗauka ta kayan ɗaki ce.

Likita ya riga ya hana shi walda. Ya ce wannan ɗaya dai, daga ita ya ajiye. Da na leƙa shagon na tarar ya gama ta daidai da hoton, wallahi ta yi kyau, amma yana ta harararta.

"Ɗiyata ba ta shiga gidan miji da sanda," in ji shi. "Mata su zo ganin ɗaki su ce mi? Uban ya gaza?"

Na ce ya bar ta haka, ya ce ni da ko ƙusa ban iya miƙewa ba. Washegari ya bi kan nan da huda, taurari da jinjirin wata zagaye, ya shafe da ruwan gwal. Ya fito idanunsa kamar garwashi. Haushi ya kama ni, tausayi ya fi haushin.

Ranar da Mufida ta zo, ya sa ta kunna da kanta. Haske ya tsartu ta kowace huda. Ɗalha ya kau da kai, ya kare fuska da hannun riga, hawaye na bin gemunsa.

"Ta yi kyawo?"

Ta daɗe tana kallon Alƙur'anin da ke bisa kantar ɗakinsa, ƙura ta hau jakarsa.

"Ta yi kyawo, Baba."

Fitilar tana Kalgo a ɗakin auren Mufida, mata sun yaba ƙwarai. Shagon kuma a rufe yake. Bayan magariba Ɗalha kan kashe ƙwan ɗakinsa, ya karanta abin da ya haddace.