Ƙunshin Gwaggo da Takin Gwamnati

Mun bar Kano ana sallame sallar asuba, ni da wani maƙwabcina mai babur, muka kama hanyar Dambatta za mu Makoɗa. Gwaggo ce ta kira ni, ƙanwar mahaifina, wadda tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gonarsu. An ce ranar za a raba takin tallafi na gwamnati, geronta kuma ya kai gwiwa ya fara yin ɗorawa. In bai samu taki a makon ba, sai dai a yi zancen baɗi.

Hanya lafiya lau, gonaki kore shar dama da hagu, ba ka rabuwa da wani gari sai ka hango wani. A Dambatta muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai suyar ko azumi yake yi.

Muka tarar da Gwaggo ta ci ado kamar mai zuwa biki. Ita a wurinta mace ba ta shiga taro da farin hannu, don haka ta kwana da ƙunshi, yatsu goma sun yi baƙi ƙirin. Na yaba, ban san abin da ke jiranmu ba.

A filin wata makarantar firamare ake rabon. Sai ka dangwala yatsa a na'ura ta gane ka, sannan a ba ka buhu. Na ga masu hannu luwai-luwai da takalmi mai sheƙi, na'ura na karɓar su nan take, ana loda musu a bayan mota. Ban ce ba manoma ba ne, amma ban ga kantar fartanya a tafin hannunsu ba.

Da layi ya zo kan Gwaggo, na'ura ta ƙi. Aka gwada yatsu duka, aka goge da lemon tsami, aka goge da toka, shiru. Ma'aikacin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, lallen nan ya rufe zanen yatsanki. Sai ya goge."

"Ɗan nan, kafin ya goge ai gero ya gama mutuwa," in ji ta. Ta koma gindin darbejiya ta zauna da buhunta fayau. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Wani dattijo da gonarsa ke iyaka da tata ya sauke buhunsa daga kan keke, ya farke bakin da wuƙa, ya ari kwanon mai fura.

"Jama'a, kowa kwano guda. Matar nan tare muke shan rana."

Mutanen ƙauyensu suka riƙa farke nasu ɗaya bayan ɗaya. Masu motoci dai ba wanda ya buɗe, don buhun da aka farke ba ya sayuwa a kasuwa. Kafin azahar na Gwaggo ya wuce rabi, tana ta sa albarka har muryarta ta dushe.

Mun shigo Kano gab da magariba, bayana na ciwo, zuciyata fes. Na gode wa gwamnati da ta kawo takin, don ba don shi ba, da babu abin da za a ɗiba. Amma na koyi cewa in ana neman sanin waye manomi, to a tambayi maƙwabcin gonarsa. Washegari Gwaggo ta kira ni daga cikin gona, ta ce ta zuba, kuma ga hadari ya haɗo.